Wa ya yi tunanin, yaron ko manhajar?

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, wanda ke dab da kammala sakandare, ya kawo mini wani aikin gida da ya yi a kan husufin wata. Malaminsa ya ba shi maki 18 cikin 20, yana ta murna. Na karanta, rubutun ya tsaru, babu tuntuɓe ko ɗaya. Sai na kife takardar na ce masa, "To faɗa mini da bakinka. Tunda wata yana zagaya duniya kusan kowane kwana 27, me ya sa ba a yin husufi a kowane zagaye?" Amsar tana nan a sakin layi na uku na rubutun da ya miƙo mini: hanyar da wata ke bi ta ɗan karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana, saboda haka yawanci yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar duniya. Yaron ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, gaskiya ChatGPT ne ya rubuta. Na karanta kuwa, lokacin na gane, yanzu ne ya ɓace mini." Yana nufin manhajar hirar nan da ke rubuta amsar duk abin da aka tambaye ta. Ya ƙara da cewa kusan duk ajinsu haka suke yi.

Ban yi masa faɗa ba, domin bai yi mini ƙarya ba, kuma na yarda cewa lokacin da yake karantawa ya ji kamar ya gane. Wannan jin ne ya fi tayar mini da hankali, fiye da kwafin kansa.

Shekaru aru-aru makaranta tana tafiya a kan wani zato guda: idan ɗalibi ya kawo aiki mai kyau, to ya sha wahalar da ke haifar da ilimi. Zaton bai taɓa zama cikakke ba, don tun da can akwai mai kwafar na abokinsa, akwai wanda yayansa ke yi masa. Amma a yawancin lokuta aikin da ilimin tare suke tafiya. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamban 2022, igiyar da ta ɗaure su ta tsinke. Yanzu yaro zai iya kawo aiki mai tsabta cikin minti biyu ba tare da komai ya ratsa kansa ba. Ra'ayina shi ne duk wata magana a kan fasaha da ƙwazon ɗalibai da ba ta fara daga nan ba, ta bar jaki tana dukan taiki. Ana ta gardama ko a bar yara su yi amfani da na'ura ko a hana su, alhali abin dubawa shi ne wane ɓangare na aikin na'urar ke ɗauka, kuma wanne take bar wa yaron.

Alƙawarin cewa wata sabuwar na'ura za ta gyara ilimi tsoho ne. Tun a 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa hoto mai motsi zai sa littattafai su zama tsohon yayi a makarantu. An yi wa rediyo irin wannan fata, an yi wa talabijin. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya fito da shirin bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta, ƙasar Peru ta rungumi shirin ta raba ɗaruruwan dubbai. Da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bi makarantun karkara 319 suka fitar da rahoto a 2012, sai suka tarar yaran sun iya sarrafa kwamfutar sosai, har sun ɗan ƙaru a gwajin kaifin tunani, amma makinsu a lissafi da harshe bai motsa ba. A 2015 OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, ta duba alƙaluman ƙasashe da yawa ta ce ɗaliban da ke amfani da kwamfuta a makaranta daidai wa daida sun ɗan fi waɗanda ba sa taɓa ta, amma masu yawan amfani da ita sun fi kowa faɗuwa ƙasa. Duk da haka har gobe idan ana son nuna cewa makaranta ta ci gaba, ɗakin kwamfuta ake fara ɗauka a hoto.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai an yi shi ne a wata sakandare a Turkiyya a ƙarshen 2023, ƙarƙashin wasu malaman Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Ɗalibai kusan 1,000 aka raba gida uku a darasin lissafi. Kashi na farko suka yi atisaye da littafi da abin da suka rubuta a aji kawai. Kashi na biyu aka ba su manhajar hira irin ChatGPT, su tambaye ta abin da suka ga dama. Kashi na uku aka ba su manhajar ita ma, amma an saita ta yadda ba za ta ba da amsa kai tsaye ba, sai dai ta yi wa ɗalibi nuni, ta bar shi ya ƙarasa. A lokacin atisaye, kashi na biyu sun zarce masu littafi da kashi 48 cikin ɗari, kashi na uku kuma da kashi 127 cikin ɗari. Duk wanda ya leƙa ajin a wannan lokaci zai rantse an samu maganin matsalar lissafi. Sai aka karɓe na'urorin aka yi jarrabawa. Waɗanda suka yi amfani da manhajar da ba a saita ba suka faɗo ƙasa da masu littafi da kashi 17 cikin ɗari. Waɗanda aka ba mai nuni kuwa ba su faɗo ba, amma ba su zarce masu littafin da wani abin a zo a gani ba. Da aka duba hirarrakin yaran kashi na biyu, yawancinsu amsa kawai suke nema su kwafa. Abin da ya fi ban tausayi, su kansu ba su ji a jikinsu cewa karatunsu ya ragu ba.

Ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu. A 2006 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sannan aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai lamarin ya juye, waɗanda suka sha wahalar tunowa suka yi musu nisa. Kuma masu maimaita karatun su ne suka fi yarda da kansu cewa za su tuna. Wato sauƙin da mutum ke ji idan bayani na shiga masa sumul ba shaida ba ce ta cewa zai zauna. Wannan cijewar da ɗalibi ke yi, ya rubuta ya goge, ya kama hanya ta ɓace masa ya dawo baya, ita ce lokacin da ilimin ke kafa saiwa. Manhajar da ta ɗauke masa cijewar ta tafi da karatun gaba ɗaya, ta bar masa takarda mai kyau. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita: ai haka aka ce lokacin da kalkuleta ta shigo aji, ga shi kuma duniya ba ta tashi ba. Akwai gaskiya a ciki, amma misalin bai kai ba. Kalkuleta tana karɓar wani yanki ƙarami na aikin, kuma ba ta iya komai sai ka san abin da za ka danna mata. Kai ne za ka karanta tambayar, ka gane rabawa ake so ko ninkawa, ka ga ko amsar da ta fito ta yi kama da hankali. Manhajar hira kuwa tana karɓar tambayar ɗanya ta mayar da ita dafaffiya, tun daga fahimta har zuwa jimlar rufewa. Sannan kalkuleta ba ta ƙirƙirar ƙarya. Waɗannan manhajoji an gina su ne a kan hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, shi ya sa suke iya shirya maganar da ba ta da tushe cikin cikakkiyar natsuwa. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi bayan sun miƙa mata takarda ɗauke da tsofaffin shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga, waɗanda ba a taɓa yi ba. Manya ne masu digiri da shekarun aiki. Wanda zai kama irin wannan kuskure sai wanda ya san fannin tun kafin ya tambaya. Idan muka yaye yara ba su da komai a ka, wa zai riƙa duba aikin na'urar nan gaba?

Duk da haka ba na cikin masu cewa a hana. Hukumar makarantun birnin New York ta toshe ChatGPT a Janairun 2023, ta janye a watan Mayu na shekarar. Toshewa a makaranta ba ta hana yaro buɗewa a gida. Manhajojin da ake sayar wa makarantu da sunan gano rubutun na'ura su ma ba abin dogaro ba ne. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. Ina jin tsoron waɗannan fiye da kima, domin ɗalibin da ya zauna ya yi aikinsa da guminsa, aka ce na'ura ce ta rubuta, an yi masa raunin da zai daɗe bai warke ba.

Kuma akwai inda fasaha ta yi aiki na gaske. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhaja mai suna Mindspark da yaran ƙananan azuzuwan sakandare, aka zaɓe su ta hanyar ƙuri'a. Abin da manhajar ta fara bankaɗowa shi ne yawancin yaran suna bayan ajinsu da shekaru, malami na koyar da darasin aji shida alhali wasu na matakin aji uku. Sai ta riƙa ba kowane yaro tambayoyi daidai inda ya tsaya, tana matsawa da shi a hankali. Cikin wata huɗu da rabi suka yi wa takwarorinsu fintinkau a lissafi da harshen Hindi. A lura, manhajar ce ke tambaya, yaron ke amsawa. Haka ɗalibi makaho da manhaja ke karanta wa littafi, ko wanda ke zaune inda babu malamin kimiyya ya samu bidiyon da ya nuna masa gwajin da bai taɓa gani ba, ko mai amfani da manhajar da ke dawo masa da tambaya daidai lokacin da ya kusa mantawa. Duk waɗannan sun kawar da shinge ne tsakanin yaro da aikin, ba su yi aikin a madadinsa ba. Da wannan ma'auni nake auna kowace manhaja da aka tallata mini.

Maganar waya a cikin aji dabam ce, kuma a nan ina goyon bayan hani ba tare da kwana-kwana ba. Faransa ta hana ta a makarantun firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Holan ta bi sahu a farkon 2024, hukumar UNESCO ma ta ja kunne a rahotonta na 2023. Sai dai ba na son yadda ake ɗora wa waya duk wani koma-baya. Gaskiya ne jarrabawar PISA ta 2022, wadda ake yi wa 'yan shekara 15, ta nuna makin lissafi ya faɗi da kimanin 15 a ƙasashen OECD, na karatu da kimanin 10, idan aka kwatanta da 2018. Amma a tsakanin shekarun nan ne cutar korona ta rufe makarantu wata da watanni.

Wannan ya kawo ni ga yadda muke karɓar labaran kimiyya da na bajintar ɗalibai, domin cutar ɗaya ce: muna son sakamako, ba ma son jin hanyar da aka bi. A Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa wani sinadari, LK-99, da ke wuce da lantarki ba tare da asara ba a yanayin zafin ɗaki. Intanet ta ɗauka, aka yi ta cewa duniya ta sauya. Kafin ƙarshen Agusta ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban sun gwada sun ga ba haka ba ne. A 2011 ma an yi irin wannan, lokacin da wani gwaji tsakanin cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Janeba da wani ɗakin bincike a Italiya ya nuna kamar wasu ƙananan ƙwayoyin zarra sun fi haske gudu. Daga baya aka gano wata igiyar na'urar gwajin ce ba ta ɗauru daidai ba. Miliyoyin da suka yaɗa labarin farko, kaɗan ne cikinsu suka ji na biyu, alhali na biyun shi ne kimiyyar: wani ya faɗa, wasu suka ce bari mu gwada da hannunmu.

Shi ya sa labarin Calcea Johnson da Ne'Kiya Jackson yake burge ni. 'Yan mata ne biyu a wata sakandare a New Orleans, waɗanda suka ɗauki wata tambayar gasar lissafi ta makarantarsu suka yi watanni a kanta, har suka samo hanyar tabbatar da ƙa'idar Pythagoras, wadda ke magana a kan tsawon gefunan alwatika, ta amfani da lissafin kusurwoyi. A Maris na 2023 suka gabatar da aikin a taron ƙungiyar masana lissafi ta Amurka. Kafofin labarai suka yi ta zuzutawa cewa sun yi abin da ba a taɓa yi ba cikin shekara dubu biyu, wanda ba daidai ba ne, domin wani masani mai suna Jason Zimba ya wallafa hujja irin wannan a 2009. Abin yabon na gaske ya zo ne daga baya, kuma bai samu rabin surutun farko ba. Sun koma sun zauna, suka rubuta aikin dalla-dalla, suka miƙa shi masana suka tantance, aka buga shi a wata tsohuwar mujallar lissafi a Oktoban 2024, da hujjoji biyar da hanyar fitar da wasu biyar. A lokacin har sun shiga jami'a. Idan za mu ba yaranmu labarinsu, watannin nan na zama da gogewa ya kamata mu faɗa musu, ba hoton ranar taro ba.

Wani zai ce, to tunda na'ura na neman fin mu, wahalar ta mece ce? A 2024 wata manhajar kamfanin Google DeepMind ta samu maki 28 cikin 42 a tambayoyin gasar lissafi ta duniya ta 'yan sakandare, daidai da mai lambar azurfa. Tambayar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma a tuna cewa tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke zakaran duniya na lokacin, Garry Kasparov, a wasan darar ces, kuma yau manhajar da ke cikin waya ta fi kowane ɗan'adam iya wasan. Mutane ba su daina koyo ba. A Disamban 2024 Gukesh Dommaraju na Indiya ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. 'Yan wasan zamaninsa da kwamfuta suke atisaye, amma sukan buga wasan da kansu tukuna, sannan su buɗe ta ta nuna musu inda suka kauce. Wanda ya bar ta tana zaɓar masa kowane taku ba zai taɓa iya wasan ba, ko da ya ci sau dubu. Tsarin da nake so a makaranta ke nan, ƙoƙarin yaro a gaba, na'ura a baya.

A aikace, dole aikin gida ya sauka daga matsayin shaidar ilimi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abin da za a ba maki mai nauyi a yi shi a gaban malami, da alƙalami da takarda, ko da baki. Minti uku na tambaya ido da ido ya isa a gane wanda ya yi aikin. Malami zai iya kawo amsar da manhaja ta bayar ya ce ɗalibai su nemo inda ta yi kuskure, wanda atisaye ne mai kyau ƙwarai. Na san wannan ƙarin kaya ne a kan malamin da ajinsa ya cika maƙil, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa ba tare da rage masa wani abu ba. Hukumomin da ke da kuɗin sayen na'urori su fara tambayar kansu ko ƙarin malami ɗaya bai fi akwatin kwamfutoci amfani ba. Kamfanonin da ke ƙera manhajojin nan kuma sun san sarai cewa yara na cikin manyan masu amfani da su. Binciken Turkiyya ya nuna saiti kaɗan ya isa ya kawar da cutarwar. Idan suka bar ba da amsa nan take a matsayin abin da yaro zai fara tararwa, zaɓi suka yi, kuma ya kamata a tuhume su a kai.

Mu iyaye namu ya fi sauƙi, ko da ba mu san darasin ba. Maimakon "nawa ka ci?", a ce "koya mini abin da ka rubuta." Yaron da ya gane zai yi bayani har ya gundure ka. Wanda bai gane ba zai fara laluben takarda.

A daren nan na sa ɗan ƙanwata ya kashe fitilar ɗaki, ya ɗauko tocila da ƙwallo babba da ƙarama. Na riƙe tocilar, ya riƙa zagaya babbar da ƙaramar. Da farko kowane zagaye sai ƙaramar ta faɗa cikin inuwa. Na ce, "To ga shi kullum husufi kake yi. Me ya rage?" Ya daɗe yana juya hannu, ya gwada nisa, ya gwada sauri, duk bai yi ba. Sai ya ɗan ɗaga hannunsa a gefe guda ya sauke a ɗayan, ƙaramar ƙwallon ta wuce ta saman inuwar cikin haske. Ya ce, "Au! Karkacewar ke nan!" Mun fi minti ashirin kafin a kai nan.

Da ya kunna fitila sai ya ce, "Kawu, to me ya sa watan yake yin ja idan ya shiga inuwar, maimakon ya ɓace gaba ɗaya?" Hannunsa har ya kai aljihu. Na ce ya dakata, ya rubuta nasa zaton tukuna. Ya rubuta cewa wataƙila zafin rana ne ya saura a jikin watan. Sannan ya tambayi manhajar, ta ce masa iskar da ke kewaye da duniya ce ke tanƙwara hasken rana zuwa cikin inuwar, tana watsar da shuɗin tana barin jan ya wuce. Ya ja layi a kan amsarsa, ya rubuta dalilin da ya sa ba ta yi ba a ƙarƙashinta. Bayan mako biyu na sake tambayarsa duka biyun a waya, ba shiri, ya amsa mini su tiryan-tiryan.